Hasken Da Ido Ba Ya Gani

A birnin Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, can kudancin ƙasar Sin, akwai wani titi da a ke ce da shi Liuhua Lu. A bakin mutanen wurin "lu" shi ne titi, "liuhua" kuwa furen da ruwa ya ke tafiya da shi. A kan titin nan ne babban zauren baje koli na Kanton ya zauna tun daga 1974 har 2008, sa'ad da aka kwashe kasuwar duka zuwa Pazhou. Akwai manyan masaukai a gefensa, da babban asibiti, da wani tafki da aka haƙa cikin 1958. Tashar jirgin ƙasa tana arewa da shi kaɗan, kasuwannin sarin tufafi sun kewaye ta. Fataken Kano da na Maraɗi masu zuwa sayayya Guangzhou sun san unguwar, balle ran Juma'a, gama masallacin Xianxian yana dab da ƙarshen titin ta wajen gabas.

A ce ga wani falke ya bi titin nan da hantsi. Rana ta buge shi a ka. Ya ciro waya daga aljihu ya gai da iyalinsa na Fagge. Ya wuce ta gaban mai gasa nama, ya ji zafin garwashi a fuska tun bai matso ba. Ya gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka sa jakarsa cikin wani akwati mai labule, ma'aikaci ya ga abin da ke ciki ba tare da ya buɗe ba. In kuwa tari ya dame shi, ya shiga asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Abu biyar ke nan ya gamu da su, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, amma a wurin masana duk sunansu ɗaya.

Sunan shi ne radiyeshin, kalmar aro ce daga Turanci. Ma'anarta ƙarfi wanda ke tasowa daga wani abu ya bazu ko ina, ya ƙetare sarari ya sauka kan wani abu dabam, ba tare da sun taɓa juna ba. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara wannan duka. Masu karanta labaru a rediyo su kan ce "tururi," ko "tururi mai guba." Kalmar ta kama bakin jama'a, amma tana da ɓatarwa, domin tururi ana ganinsa, iska tana kaɗa shi, mutum kuma ya kan toshe hanci ya wuce. Yawancin abin da a ke magana a kai kuwa ya fi kama da haske, ya kan tafi sak, iska ba ta karkata shi, toshe hanci ba ya hana shi shiga.

Radiyeshin gida biyu ne. Gidan farko na masu tafiya ne kamar igiyar ruwa. In aka jefa dutse cikin tafki, sai a ga ruwan ya yi zobe-zobe yana buɗewa, akwai kuma tazara tsakanin ko wane zobe da mai bi masa. Tazaran nan ita ce masu sauraron rediyo suka sani da sunan zango, inda a ke cewa a kama tasha kaza a kan mita 19 gajeren zango. 'Yan gidan nan duka gudunsu ɗaya ne, mil 186,000 a daƙiƙa guda, abin da ya raba su tsawon zango kaɗai. Na rediyo shi ya fi tsawo, ana auna shi da mita. Na wayar hannu bai fi taƙi ɗaya ko kamu ɗaya ba. Daga nan sai na zafi, wanda falken ya ji daga garwashi. William Herschel ne ya gano shi cikin 1800: ya raba hasken rana launi-launi kamar bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ga ma'aunin ya hau. Sa'an nan sai hasken da ido ke gani, wanda ɗan yanki ne ƙwarai a tsakiyar jerin. Gaba da shi akwai wani hasken rana ɓoyayye mai ƙona fata, shi ne ke wahal da zabiya, shi ne kuma ke sa idon mai walda ya kwana yana ruwa in ya yi aiki ba tabarau. Ƙarshen jerin su ne eksire da gamma, zangonsu bai wuce faɗin ƙwayar zarra ba, ko ma ƙasa da haka nesa.

To, a nan ne gaɓar maganar ta ke. Iyakar gajartar zango, iyakar ƙarfin bugunsa. Hasken nan ba ya sauka kamar ruwan famfo, ɗigo-ɗigo ya ke sauka, ko wane ɗigo da nasa ƙarfi. In aka yi ta jifan tulu da curin auduga tun safe har yamma, ba zai fashe ba, ko da an ƙarar da buhu goma. Tsakuwa guda daga majajjawa kuwa sai ta huda shi. Ɗigon rediyo da na waya da na zafi auduga ne. In sun yi yawa ƙwarai iyakarsu su ɗumama abu, kamar yadda akwatin ɗumama abinci na lantarki ya ke yi. Ɗigon eksire da na gamma tsakuwa ne, ko wane ɗaya yana iya fizge wani ɓangare daga jikin ƙwayar zarra. In wannan ya auku cikin ƙwayoyin halitta na jikin mutum, ya kan yanke zaren da ke riƙe da umarnin yadda za su hayayyafa. Galibi jiki ya kan gyara ɓarnar. Wani lokaci ƙwayar ta mutu. Wani lokaci kuma ta gyaru a karkace, bayan shekaru ta zama mafarin ciwon daji. Sabo da haka masana ba su fara tambayar ko abu yana fid da radiyeshin, gama kusan kome yana fitarwa. Tambayarsu ita ce, irin mai fasa zarra ne, ko kuwa?

Wayar falken nan ba ta cikin masu fasa zarra. An yi shekaru ana gwada masu yawan amfani da waya da waɗanda ba su yi, wani babban nazari kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito 2024, bai sami alaƙa tsakaninta da ciwon daji na ƙwaƙwalwa ba. Akwatin binciken kaya kuwa eksire ne sosai, amma an lulluɓe shi da darma, har labulen bakinsa akwai darma ciki. Kilishi ko dabinon da ya bi ta ciki ba ya fitowa da kome a jikinsa, kamar yadda ɗaki ba ya riƙe haske bayan an kashe fitila. Eksire inji ne ke yinsa da lantarki, da an kashe injin shi ke nan. Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus cikin Nuwamba 1895. An ce da matarsa ta ga hoton ƙasusuwan hannunta da zobe a yatsa, sai ta firgita.

Gida na biyu ba shi da makunni balle a kashe, domin daga cikin ƙwayar zarra kanta ya ke fitowa. Ko wace zarra tana da cibiya mai nauyi, kamar ƙwallo a cikin goruba. Yawancin cibiyoyin nan a zaune su ke lafiya har abada. Waɗansu kuwa, kamar na yuraniyam da toriyam da radiyam, ba su da natsuwa. Wata rana, ba wanda ya taɓa ta, sai cibiyar ta tofar da wani ɓangare nata ta rikiɗa ta zama wani abu. Henri Becquerel ya fara lura da haka a Faransa cikin 1896, da ya tarar gishirin yuraniyam ya baƙanta farantin hoto wanda ke nannaɗe cikin baƙar takarda a aljihun tebur. Marie Curie da mijinta suka bi sawu, suka gano radiyam 1898. Ita ciwon jini ya kashe ta cikin 1934, littattafan da ta yi rubutu ciki kuwa har yanzu cikin akwatunan darma a ke ajiye da su.

Abin da cibiya ke tofarwa an sa masa sunayen haruffan Girkanci uku na farko. Alfa gutsure ne mai nauyi. Kamar ɗan dambe ya ke mai mugun naushi amma gajeren hannu: bai wuce inci biyu ko uku a cikin iska, takarda guda ta tare shi, ko busasshiyar fatar saman jiki. Wanda ya ji haka sai ya raina shi, alhali kuwa in ƙurar abin da ke fid da shi ta shiga huhu ko ciki, ba sauran takarda tsakani, naushin duka a kan tsoka mai rai zai sauka. Shi ya sa a Arlit ta ƙasar Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyam 1971, abin tsoro ba dutsen da ke ajiye can nesa ba ne, ƙurarsa ce, da ruwan da ya bi ta cikinsa, da wata iska marar wari mai suna radon wadda ke tasowa daga gare shi ta taru a rami ko ɗaki marar taga. A kan radon kaɗai kalmar "tururi" ta faɗa daidai. In an cire taba, yana cikin manyan masu jawo ciwon daji na huhu.

Bita ɗan mitsitsi ne mai gudun tsiya, ya kan yi 'yan taku a cikin iska, ya ƙona fata, amma farantin alminiyam irin na tukwane ya isa ya tsai da shi. Gamma kuwa, wanda a ke rubutawa da "m" biyu don kada a rikita shi da "gama" ta Hausa, ɗan gidan farko ne da aka haifa a gida na biyu. Haske ne tsantsa ba nauyi, ɗan'uwan eksire, sai dai daga cibiya ya ke fitowa ba daga inji ba. Ya kan ratsa mutum ya ratsa bango. Darma mai kauri ko kankare ba su tsai da shi ɗungum, rage shi su ke yi.

Akwai na huɗu, nutiron, wanda James Chadwick ya gano 1932. Ba a cika gamuwa da shi ba sai inda a ke fasa yuraniyam da gangan, halinsa kuma dabam ne, gama shi ya kan mai da abin da ya buga ya zama mai fid da radiyeshin shi ma. Ruwa ya fi darma tare shi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ɗan ƙaramin tandun nukiliya na bincike, ƙirar ƙasar Sin, wanda ya fara aiki 2004. Zuciyarsa ba ta fi bokiti girma ba, tana nutse cikin ruwa mai zurfi. A kan sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi kusa da ita, nutiron ya buge shi, sa'an nan a karanta gamman da ya fitar a san irin ma'adinan da ke ciki. Cikin 2018 aka sake masa makamashi da wanda bai isa yin makami ba, tsohon kuwa aka mai da shi Sin.

Abin da ya sa gamma ya zama abin shakka shi ne jiki ba shi da ƙofar da zai ji shigarsa. Wuta tana da zafi, guba tana da ɗaci ko wari, shi ko ba ko ɗaya. A birnin Guangzhou ɗin nan aka ga misalin haka cikin 2002. Wani mutum mai ilmin sha'anin ya yi hannun jari da wani asibiti, suka sami saɓani da wani likita a kan harkar kuɗi. Sai ya ƙirƙiri takardun jabu ya sayo wani inji na masana'antu, irin wanda a ke haska waldar bututu da shi don a ga ko akwai tsaga a ciki. A cikin injin akwai ɗan ƙarfen iridiyam mai lamba 192, ƙarami ƙwarai, yana zaune cikin tukunya mai kauri. Shi da yaronsa suka ɓoye tukunyar a cikin silin, suka ja bututu har saman ofishin likitan. In likitan ya shiga ya zauna, sai su tura ƙarfen ta bututun ya tsaya bisa kansa, in sun gama su janye shi ya koma tukunya.

Aka yi wajen wata biyu ana haka. Likitan ya fara kasala, abinci ya fita ransa, ga ciwon kai, ga amai, ga mantuwa, dasashinsa na zub da jini. Ko wace ɗaya daga cikin alamun nan ana iya ɗora ta a kan gajiya ko zazzaɓi, a tsakiyar asibiti kuwa a ke, cikin likitoci, amma ba wanda ya ga kome. Sai da aka auna jininsa aka tarar fararen ƙwayoyin sun ragu ƙwarai, sa'an nan aka kawo na'urar awo ta nuna silin. Dalilin raguwar shi ne, radiyeshin ya fi cin ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, watau na ɓargo inda a ke ƙera jini, da na hanji, da na tushen gashi, da na ɗan tayi. Wannan halin nasa ne kuma likitoci suka juya ya zama magani, gama ƙwayoyin ciwon daji su ma masu saurin hayayyafa ne, har ma da iridiyam ɗin nan a ke ƙona su a asibitoci. Mugun ya nufi mutum ɗaya ne, amma gamma bai san bango ba, bai san suna ba. Mutum 75 abin ya taɓa, har da wata mai ciki. Cikin Satumba 2003 kotu ta yanke masa hukuncin kisa wanda aka jingine zartarwa, yaronsa kuma shekara 15.

Iridiyam ɗin nan ba mai daɗewa ba ne. Ko wane kwana 74 rabin ƙarfinsa ya kan tafi, bayan waɗansu 74 rabin ragowar ya tafi, ta haka in ya shekara biyu abin da ya rage wajen kashi ɗaya ne cikin dubu. Ko wane iri da nasa wa'adi. Na radon bai cika kwana 4 ba, na kobalt mai lamba 60 shekara 5 da 'yan watanni, na yuraniyam kuwa wajen shekara miliyan 4,500. Mai gajeren wa'adi shi ya fi zafi, kamar wutar kara, mai dogon wa'adi kuma a hankali ya ke ci kamar kututture. Ba dafawa, ba wanki, ba wani magani da ke gaggauta wa'adin nan.

Tun da ya ke jiki ba ya ji, tilas a dogara ga awo. Mudun da a ke auna abin da jiki ya sha sunansa milisibat. Ba mahalukin da ke shan sifiri, domin ƙasa tana fitarwa, sararin sama yana aikowa, abinci ma yana ɗauke da ɗan kaɗan: cikin jikin ko wane babban mutum cibiyoyin fotashiyam wajen 4,000 ke fashewa ko wace daƙiƙa. In an haɗa duka, matsakaicin rabon mutum a duniya milisibat 2.4 ne a shekara. Hoton ƙirji guda wajen 0.1 ne ko ƙasa da haka. Tafiyar jirgin sama daga Addis Ababa zuwa Guangzhou ba ta kai haka ba. Hoton ciki na injin nan mai kewaya mutum ya kan kai wajen 10, sabo da haka likitan kirki ba ya sa a yi shi don marmari. Wanda ya sha 1,000 a zama ɗaya zai kwanta ciwo, 4,000 zuwa 5,000 kuwa ya kan kashe rabin waɗanda suka sha in ba a yi musu magani ba.

A kan ɗan kaɗan ɗin ne masana ke gardama har yau. A lardin Guangdong, kudu maso yamma da Guangzhou, akwai gundumar Yangjiang inda yashin ƙasar ke ɗauke da toriyam, da ƙasar kuma a ke yin tubalin gini. Manoman wurin suna shan wajen ninki uku na abin da maƙwabtansu ke sha, kaka da kakanni. Tun 1972 a ke bin lafiyar dubbansu ana gwadawa, ba a kuwa ga mutuwar ciwon daji ta fi yawa cikinsu ba. Wannan bai nuna cewa ɗan kaɗan ba ya kome ba. Abin da ya nuna shi ne, in akwai ɓarna ta yi ƙanƙanta har ta ɓace cikin ta taba da ta abinci da ta tsufa, kamar cokalin gishiri a rijiya. Hukumomi dai sun zaɓi su ɗauka ko wane ƙari yana da ɗan nasa haɗari, zaɓin kuwa na hankali ne.

In aka duba duka, falken nan na Liuhua Lu ba shi da abin fargaba a wayarsa ko akwatin tasha. Wanda ya fi shi kusa da haɗari ɗan'uwansa ne na gida mai sayen gwangwan. Injunan haska bututu da na asibiti su kan tsufa, a yar, ko a sace, su ƙare a hannun 'yan bola jari. A garin Goiânia na ƙasar Barazil cikin 1987 waɗansu mutum biyu suka kwance wani inji a wani kangon asibiti suka sayar wa mai gwangwan. Da aka fasa shi sai ga wani gari mai ƙyalli shuɗi-shuɗi cikin duhu, aka yi ta rabawa 'yan'uwa suna shafawa a jiki. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, wajen 250 kuma abin ya taɓa.

Irin tukwanen nan suna da alama, fiffike uku kamar na fanka a kan rawaya, sau da yawa kuma nauyinsu ya fi girmansu nesa. Wanda ya tsinci irinsu ba fasawa zai yi ba, ba kuwa ɗauka zai yi ya kai wa hukuma da hannunsa ba. Barinsa zai yi nan inda ya ke, ya kori yara, ya aika a gaya wa 'yan sanda ko hukumar kula da harkokin nukiliya, wadda a Nijeriya ta fara aiki 2001. Abu uku ke tsare mutum: gajarta zama, sa shamaki mai kauri, da nisa. Na ƙarshen ba ya bukatar ko anini. In aka ninka nisa sau biyu, abin da ke isowa ya koma rubu'i, wanda kuwa ya ja da baya taku goma yana shan kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da mai tsaye a taku ɗaya ke sha.